Ƙwandalar Tunawa: Dubawar Mai Saye da Amanar Mai Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasashe da yawa sukan buga ƙwandala ta musamman domin tunawa da wani babban mutum ko wani muhimmin al'amari, kuma akwai masu tara irin waɗannan sulalla suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu. A irin wannan ciniki ɗaya daga cikin mutum biyu yakan fi ɗan'uwansa sani nesa ba kusa ba. To, wa ke ɗauke da nauyin gaskiya: mai saye da ya kamata ya duba, ko mai sayarwa da ya kamata ya bayyana?

Abu uku ake nema a ƙwandala kafin a miƙa kuɗi, watau asalinta, da lafiyarta, da ƙimarta.

Game da asali, ma'auni shi ne shaida ta farko, domin kowace ƙwandala tana da nauyi da faɗi da aka ƙayyade mata. Wadda aka buga a gidan buga kuɗi rubutunta yakan fito tsaf, amma ta zubi takan zo da 'yan ramuka a fuska da alamar haɗi a gefe. Maganaɗisu ba ya jan azurfa ko zinariya, don haka duk abin da ya manne masa jabu ne. Sai dai rashin mannewa bai isa hujja ba, gama farin ƙarfen da ake haɗawa daga jan ƙarfe da nikel shi ma ba ya mannewa. Shekarar da ke rubuce ita ma tana iya ruɗin mutum. Liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya wadda fatake suka sani a kasuwannin Kano da Barno tun ƙarni na 19, har yanzu ana buga shi a birnin Biyana da shekarar 1780 a jikinsa. Azurfarsa ta gaske ce, nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, amma wanda ya rantse cewa ya shekara fiye da 200 don kawai ya karanta 1780, ya yi rantsuwa a kan abin da bai sani ba.

Game da lafiya, masu tara sulalla suna duba gogewa, da ƙarzuwa, da lotsawar gefe. A Amurka suna amfani da matakai daga 1 zuwa 70, bisa tsarin da William Sheldon ya fitar a 1949. Abin da yakan ba baƙo mamaki shi ne, ƙwandalar da aka goge har ta yi walƙiya darajarta faɗuwa take yi, saboda gugar tana cinye fuskarta ta asali. Ke nan wanda ya goge ta don ta ɗauki idon da bai ƙware ba, sa'an nan ya yi shiru, ya ɓoye aibi ne da ado.

Ƙima kuwa ba ta bin tsufa ko girman sunan wanda ake tunawa. Tana bin ƙarancin abin da yawan masu nemansa. Da Winston Churchill ya rasu a 1965, Ingila ta buga ƙwandalar sule 5 mai hotonsa fiye da miliyan 19, kuma babu azurfa a cikinta, shi ya sa farashinta bai taka kara ya karya ba. Amma ƙwandalar rabin fam ta 2009, wadda aka yi don cikar lambun Kew shekara 250, guda 210,000 kaɗai aka saki cikin jama'a. An sha sayar da ita fiye da fam 100, abin da ya sa 'yan jabu suka yi mata caa.

Wannan duk aikin mai saye ne, kuma Shari'a ba ta yaba sakaci. Malaman Malikiyya sun kawo misalin wanda ya sayar da dutse da sunan dutse kawai, daga baya aka gane yaƙutu ne. Suka ce cinikin ya zauna, domin shi ya ƙi bincike. Amma in an kira abu da sunan da ba nasa ba, kamar a ce yaƙutu alhali gilashi ne, to sai a warware. Haka hukuncin yake ga wanda ya kira farin ƙarfe azurfa.

Sakacin mai saye fa ba ya wanke mai sayarwa. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya zargi mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Mai abincin bai furta ƙarya ba, jerawa kawai ya yi, duk da haka aka kira aikinsa algus. Saboda haka wajibi ne mai ƙwandala ya faɗi guga, da gyara, da duk shakkar da yake da ita, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Wurin da aka fi zamewa shi ne inda mai saye ne ya fi sani. A ƙaddara marayu sun fito da sulallan da mahaifinsu ya bari, suka ce wa dillali ya saya yadda ake saye, don su ba su sani ba. Waɗannan sun miƙa amana ne, kuma malamai sun haramta cutar wanda ya saki jiki haka. An ruwaito cewa an sayo wa Sahabi Jariru ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300, sai ya ga ya fi haka, ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, saboda alkawarin da ya ɗauka na yin nasiha ga kowane Musulmi. Ƙwarewa tana halatta wa mutum riba, domin ya sha wahalar koyo, amma ba ta halatta masa ya ce wa maraya kayansa tarkace ne.

Akwai kuma sharaɗi in ƙwandalar ta zinariya ce ko ta azurfa. Musanyar azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu, kuma a wurin mafi yawan malamai kyan zane ba ya halatta ƙari. Mafita ita ce a saya da kuɗin takarda a biya nan take, kamar yadda malaman zamani suka yi fatawa.

Ashe nauyin a kan mutum biyu yake, amma ba daidai ba. Mai sakaci dukiyarsa kawai ya yi hasara, wadda yana iya mayarwa gobe. Mai ɓoye aibi kuwa ya ci haƙƙin wani, wanda ba ya faɗuwa sai an biya ko an yafe. Duk wanda zai sayi ƙwandala ya auna, ya duba gefe, ya tambayi maƙerin farfaru ko wani masani, ya kuma nemi sharaɗin mayarwa kafin ya biya.

Allah Ya tsare dukiyar bayinSa daga haram, Ya sa albarka a cinikin masu gaskiya, amin.