Ƙaddara, Tawakkali da Haƙƙin Yaro Marar Lafiya

Rashin lafiyar ƙananan yara yana cikin wuraren da tambayar ƙaddara ta fi nauyi a zuciyar mumini. Babba idan ya kwanta ciwo yana iya faɗin inda ke masa zafi, ya nemi magani ko ya ƙi nema. Jariri kuwa ba shi da magana sai kuka, kuma rayuwarsa tana rataye da shawarar waɗanda ke riƙe da shi. Daga nan tambayoyi biyu suke tasowa. Idan ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya, mene ne amfanin fafutukar iyaye? Kuma shin ya halatta uba ko uwa su bar nema wa yaro magani da sunan dogaro ga Allah?

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, shi ne na shida cikin rukunan imani. Sai dai malaman Sunna sun yi bayani cewa Allah yana ƙaddara abu ne tare da sababinsa: wanda aka rubuta masa ƙoshi an rubuta masa cin abinci, wanda aka rubuta masa waraka sau da yawa an rubuta masa shan magani. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Haka kuma lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa bai shiga yankin ba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Abin da ake fahimta a nan shi ne, ƙaddara ɓoyayya ce ga bawa kafin ta auku, saboda haka ba ta zama hujjar zama. Abin da ya bayyana gare shi shi ne umarni, kuma a kan umarnin za a tambaye shi. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Game da hukuncin neman magani, Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Duk da haka malaman fiƙihu na da sun saɓa. Malikiyya da Hanafiyya sun tafi a kan halacci, Shafi'iyya suna ganin mustahabbi ne, wasu daga Hanbaliyya kuma suna ganin barinsa ya fi ga mai ƙarfin haƙuri. Masu wannan ra'ayi na ƙarshe suna kafa hujja da labarin matar nan mai farfaɗiya wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai kai ta Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Ya kamata a lura cewa a zamanin waɗannan malamai yawancin magunguna zato ne, ba a da tabbacin amfaninsu. Da ilimin likitanci ya ƙarfafa, sai Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko lalacewar wata gaɓa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu.

Ko da an ɗauki ra'ayin da ya fi sassauci, bai shafi yaro ba. Matar da ta zaɓi haƙuri baliga ce, mai hankali, kuma a kan jikinta ta yi zaɓin. Uba ba jikinsa ke ciwo ba. Shi waliyyi ne, kuma ƙa'idar fiƙihu ita ce duk abin da waliyyi zai yi a kan wanda ke ƙarƙashinsa dole ya kasance bisa maslahar wannan ɗin. Shari'a ba ta yarda waliyyi ya yi kyauta da dukiyar maraya don neman lada ba, to lafiyar yaro da ransa sun fi dukiya cancantar tsarewa. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa kare rai da kare zuriya cikin manyan manufofi biyar na shari'a, kuma duka biyun sun haɗu a kan jariri. Saboda haka haƙurin da ake yabo shi ne wanda mutum ya yi da ciwon kansa, ko da abin da ya fi ƙarfinsa. Barin yaro cikin ciwon da ake da maganinsa sakaci ne da amana.

Amanar tana farawa ne daga nono. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan mahaifin yaron, ya kuma sa yaye ya zama bisa shawara da yardar iyaye biyu. Har azumin Ramadan an yi wa mai shayarwa rangwame a kansa idan ta ji wa ɗanta tsoro. Binciken likitoci ya zo daidai da wannan kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6 ba tare da ko ruwa ba, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar don suna ganin ƙazanta ne, shi ne ya fi kowane nono ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka. Zubar da shi al'ada ce kawai, ba ta da tushe a addini. Haka ma yayen gaggawa, inda ake raba yaro da nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, yakan zama mafarin tamowa idan ba a tanadar masa abinci mai gina jiki ba, kamar kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi da zogale.

Cututtukan da suka fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar Hausa sanannu ne, kuma mafi yawansu ana da maganinsu: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, da tamowa wadda ke raunana jiki har sauran su sami hanya. Gudawa tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Alamunta su ne faɗawar maɗiga da idanu, bushewar baki da ƙarancin fitsari. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, na ƙunshi da ake samu a asibiti da kemis, ko wanda aka haɗa a gida da rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina shayarwa. Ciwon haƙarƙari ana gane shi da saurin numfashi: 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya, 40 ko fiye ga wanda ya wuce haka zuwa shekara 5. Zazzaɓin cizon sauro ana rage shi da kwana cikin gidan sauro, da maganin rigakafin da ake rabawa yara wata-wata lokacin damina. Ƙin kama nono, amai da duk abin da aka ba yaro, taune-taune, da nauyin barcin da ba a iya tada shi, alamu ne da ba sa jiran gari ya waye.

Abin da ya fi cutar da yara a nan shi ne jinkiri, kuma jinkirin yakan samo asali daga yadda aka fassara ciwon. Gudawa a ce haƙori ne zai fito, taune-taune a ce iska ce ta taɓa shi, rama a ce maye ne ya kama kurwarsa ko kambun baka. Musulunci ya tabbatar da kambun baka, ya kuma koyar da neman tsari, Annabi (SAW) da kansa yana nema wa Hasan da Husaini tsarin Allah. Amma ba a ruwaito cewa addu'a tana hana shan magani ba. Ana iya yi wa yaro tofi a hanyar asibiti, ana iya yi masa a kan gadon asibitin. Kuskuren shi ne a yanke hukunci a kan abin da yake gaibu, a bar sababin da ido ke gani, har sai jinin yaro ya ƙare ko zazzaɓi ya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Akwai kuma nau'in maganin da shi kansa cuta ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta zo wa Annabi (SAW) da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba. Sai ya hana azabtar da yara da wannan hanya, ya nuna mata wani magani mai sauƙi. Wannan hadisi ma'auni ne ga al'adu irin su cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai, wanda kan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, da yanke cibiya da reza marar tsabta ko shafa mata toka da makamantanta, abin da ke buɗe ƙofa ga cutar da ke sandarar da jikin jariri ta ƙage masa baki. Ko zuma, wadda Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, likitoci sun hana ba wa yaron da bai kai shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙa ba. Kasancewar abu magani bai sa ya dace da kowane jiki a kowane lokaci ba, kuma sanin wannan aikin masana ne. Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage: Abubakar Ar-Razi ya rubuta littafi a kan bambancin agana da ƙyanda fiye da shekara dubu da suka wuce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Allurar rigakafi ita ce wurin da muhawarar ta fi zafi, domin ana yin ta ne ga yaro mai lafiya. Wasu sun ɗauka riga-kafin cutar da ba ta zo ba rashin yarda ne da ƙaddara. Matakin Umar a annobar Amwas ya isa amsa, haka ma umarnin da ya zo a hadisi na kada a shiga garin da annoba ta ɓarke, kada kuma na ciki su fita. Tarihin shan-inna a Nijeriya ya nuna sakamakon kowane ɓangare. A 2003 wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano, sun dakatar da ɗigon rigakafin saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. Zargin ya sami gindin zama ne a kan wani rauni na gaskiya, wato gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kafin a dawo da rigakafin a 2004, cutar ta ƙaru, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Bayan sarakuna da malamai sun shiga aikin wayar da kai, an ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka kuma ayyana yankin Afirka ya kuɓuta daga gare ta a watan Agusta na 2020. Darasin biyu ne: iyaye suna da haƙƙin yin tambaya a kuma gaya musu gaskiya, amma idan hujja ta bayyana, yaro ne ke biyan farashin taurin kai.

Ba iyaye kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi ba. Uwa takan riga kowa ganin alamar ciwo, amma a gidaje da yawa ba ta fita sai da izinin miji, ba ta kuma da kuɗin mota ko na magani. Magidancin da ya yi tafiya bai bar izini da guzurin irin wannan rana ba ya tauye haƙƙin da shari'a ta ɗora masa. Hukuma ma tana da nata kason. An ruwaito cewa Umar ya gano wasu mata suna gaggauta yaye 'ya'yansu domin baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi, sai ya canza dokar ya sa a riƙa ba kowane jariri tun daga haihuwa. Asibitin da babu ma'aikaci, rijiyar da ta gurɓace, da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, duk abubuwa ne da hannun mutane ke ciki, kuma kiran su ƙaddara ba ya sauke alhakinsu daga wuyan kowa.

Bayan duk wannan, akwai yaron da za a yi wa kowane irin ƙoƙari amma kwanansa ya ƙare. A nan ne imani da ƙaddara yake yin aikinsa na asali, wato kwantar da zuciya da hana ta cin kanta da "da na sani". Annabi (SAW) ya rasa ɗansa Ibrahim yana ɗan ƙasa da shekara 2, ya zubar da hawaye, ya bayyana baƙin cikinsa, bai kuma faɗi abin da zai saɓa wa yardar Ubangijinsa ba. Da rana ta yi husufi a wannan yini mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya gyara musu fahimta, bai bari baƙin ciki ya zama ƙofar camfi ba. Malaman tauhidi sun daɗe suna tattauna hikimar wahalar yaron da bai yi laifin komai ba, kuma abin da Ahlus Sunna suka tsaya a kai shi ne Allah ba ya zalunci, ciwon yaro ba hukuncin zunubinsa ba ne, iyayen da suka yi haƙuri kuma an yi musu alkawarin lada mai girma. Don haka bai dace a tsangwami uwar da 'ya'yanta ke rasuwa da sunan wabi ba. Abin da ya dace shi ne a yi mata ta'aziyya, a kuma bincika dalilin, domin sau da yawa akwai sababin da za a iya magancewa, kamar cutar sikila ko haihuwa kusa da kusa.

Tsarin da addini ya shimfiɗa a bayyane yake. Kafin ciwo ana rigakafi, lokacin ciwo ana gaggawar neman magani wurin masana tare da addu'a, bayan hukuncin Allah ya zartu kuma ana haƙuri. Tawakkali yana tafiya da dukkan matakan uku, bai maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya kawo haƙurin mataki na uku a lokacin da ake bukatar aikin mataki na biyu ya sauya wa abubuwa wurarensu, kuma yaron da aka ba shi amana yana da haƙƙi a kansa ranar da za a tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa.