Ƙyallen Bakin Randa

Kakata ba ta zuba ruwan rijiya a randa sai ta ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Tsakuwa, ƙwaro, gansakuka, duk a nan suke tsayawa. In ruwan ya cika gurɓacewa ta jefa ɗan alif, laka ta kwanta, sai ta ce ya zama garau.

Garau ɗin nan ne abin tsoro. Dalma idan ta narke a ruwa, ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta, kuma ta ratsa ƙyalle kamar yadda gishiri ke ratsawa. Tafasawa ma ba ta korar ta. Ruwan ne ke ƙonewa, ita tana nan. Mutanen Zamfara sun san wannan guba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙura ce ta fi yin ɓarnar, amma kududdufan da ake wanke dutsen su ma sun ɗauka.

To, ga abin mamaki. Audugar wannan ƙyalle, kusan kashi 90 cikin ɗari nata selulos ne, zaren da ke riƙe jikin tsirrai, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya ware a 1838. Akwai shi a karan dawa, da ƙaiƙayin shinkafa, da tuƙar rake, abubuwan da muke cinna wa wuta. Masu bincike kan warware shi har ya koma silili, dubu-dubunsu ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, sannan su haɗa su su zama wani abu mai laushi kamar sanyayyen koko, mai shan ruwa ya kumbura bai narke ba.

Wannan abu yana kama dalmar da ke cikin ruwa, amma ba matse ƙofa aka yi ba. Ƙofofinsa sun fi ƙwayar dalma faɗi nesa. Lantarkin da ke jikin zaren da wanda ke jikin dalmar kishiyoyin juna ne, shi ya sa idan ta zo wucewa sai ta manne, ruwa ya tafi abinsa. Abin da tarewa ta kasa, janyowa ta yi shi. Na daɗe ina juya wannan a raina, musamman idan na ga uba ya tsare ƙofa da bulala, yaron kuwa ya fice ta katanga.

Yawancin aikin har yanzu a ɗakin gwaji yake. Idan abin ya ƙoshi ana wanke shi da ruwan asid a sake amfani da shi, amma dalmar ba ta mutu ba, ta koma cikin ruwan wankin ne, kuma dole a samo inda za a kai shi wanda ba bayan gari ba.