Jinin ma haja ne

A Amurka hukumar ESRB ce ke sa wa wasannin bidiyo harafin shekaru. M na ɗan shekara 17 ne zuwa sama, AO kuma na ɗan 18. Shekara ɗaya kacal ke tsakani, amma a kasuwa AO kabari ne: Sony da Nintendo ba sa barin irinsa ya hau na'urorinsu, manyan kantuna kamar Walmart kuma ba sa ajiye shi.

A 2007 kamfanin Rockstar ya kammala Manhunt 2, wasan da ake bin mutane ana yi musu kisan gilla, aka ba shi AO. Sai kamfanin ya koma ya dusashe hotunan kisan har ya samu M, sannan ya fito da shi.

Da sauƙi a ce kuɗi ya danne basira. Ni ina da ja. A 1993, da Mortal Kombat ya shiga gidaje, Nintendo ta mayar da jinin cikinsa gumi toka-toka, Sega kuwa ta bar shi ga duk wanda ya san lambobin sirri. Na Sega ya fi sayuwa. Da na biyu ya fito a 1994, sai ga jini ja wur a Nintendo. Ashe kasuwar da ke sa a goge jini ita ce ke sa a zuba shi. Mai wasan da ke kukan an yanke masa fasaha, wani lokacin tallarsa aka yanke.

Akwai dai wuraren da yankan ke zama cin amana. A Spec Ops: The Line na 2012, kai da hannunka kake harba makamin da ke ƙone fararen hula, sannan wasan ya sa ka ratsa ta cikin gawarwakin. Cire wannan, ka cire dalilin yin wasan. Mai shi ya cancanci ya kafe ko da zai yi asara.

Manhunt 2 kuwa bai rasa ƙashin bayansa ba da aka dusashe shi, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Ɗan shekara 17 yana nan yana laɓewa a bayan mutum, yana danna maɓallin da zai kashe shi. Idonsa kawai aka kare.