Annabi Natan da Akwatin Talabijin: Magana ga Iyaye Masu Bi

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-13, Karin Magana 7:6-27, Maimaitawar Shari'a 6:4-9



Wata rana da yamma na kai ziyara gidan wani dattijon ikkilisiya, na tarar da iyalin a falo suna kallon wasan kwaikwayo a talabijin. Ana cikin haka sai aka nuna wata 'yar makaranta tana kuka a gaban ma'aikaciyar asibiti. An faɗa mata tana da ciki, gwajin jini kuma ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Nan take maigidan ya kashe akwatin, ya ce wa yaran, "Ku tashi ku je ku yi karatu." Suka tashi ba wanda ya ce uffan. Da nake fita, sai na hangi babbar 'yarsa a bayan ɗakin girki riƙe da waya, tana ƙarasa kallon abin da aka hana ta. Uban ya kashe hoton, amma tambayar da ke zuciyar 'yarsa tana nan da rai, ta tafi neman amsa inda uwa da uba ba su nan.

Ba na zargin wannan dattijo. Haka aka rene yawancinmu. Kunya tana hana mu ambaton sha'anin jiki a gaban 'ya'yanmu, kuma kunya abu ne mai kyau a inda ya dace. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu: idan ana amfani da wasan kwaikwayo domin a faɗakar da matasa game da jima'i da cututtukan da ake ɗauka ta wurinsa, mene ne matsayin gidan mai bi? Bari mu duba Maganar Allah.

Allah yana magana ta wurin labari

Sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba matar Uriya, ya kuma shirya mutuwar mijinta a bakin daga. Watanni suka wuce, sarki yana zaune a fadarsa kamar ba abin da ya faru. Dawuda ya san doka sarai, ba ya bukatar wani ya karanta masa cewa zina da kisan kai zunubi ne. Lamirinsa ne ya yi barci. Da Ubangiji ya aiki annabi Natan, annabin bai fara da tsawa ba. Ya ba sarki labarin mutum biyu a gari ɗaya: attajiri mai garkunan tumaki da shanu, da matalauci mai 'yar tunkiya guda wadda ya rena tare da 'ya'yansa. Baƙo ya sauka a gidan attajirin, shi kuwa ya ƙi taɓa garkensa, ya ƙwace tunkiyar matalaucin ya yanka. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke wa attajirin hukunci mai tsanani. A nan ne Natan ya nuna masa cewa hukuncin da ya yanke, a kan kansa ya yanke shi. Sarki ya durƙusa cikin tuba.

Ku lura da aikin da labarin ya yi. Da Natan ya shigo da zargi kai tsaye, da wataƙila sarki ya kāre kansa. Amma labarin ya sa ya ji tausayin matalaucin, ya tsani aikin attajirin, kafin ya gane cewa fuskarsa yake gani. Haka annabawa suka yi sau da yawa. Irmiya ya fasa tulun yumɓu a gaban dattawan Yahuza, Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali ya yi kamar yana kewaye ta da yaƙi. Ubangijinmu Yesu kansa da misalai ya koyar da taro. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a hannun Allah.

Uban da ya leƙa ta taga

A Karin Magana sura 7 mun ga uba yana koya wa ɗansa game da jarabar fasikanci, ta hanyar ba shi labari daki-daki. Ya ce ya leƙa ta tagar gidansa da almuru, ya ga wani saurayi marar wayo yana bin hanyar da bai kamata ba. Ya bayyana shigar matar da ta tarye shi, da irin zaƙin bakinta, da yadda ta tabbatar masa mijinta ya yi tafiya mai nisa. Ya nuna yadda saurayin ya bi ta kamar dabbar da ake ja zuwa mahauta ba ta sani ba. Wannan uba bai ji kunyar faɗa wa ɗansa yadda tarkon yake ba, Ruhu Mai Tsarki kuma ya ga ya dace a rubuta maganar a karanta ta cikin jama'ar Allah.

A zamaninmu mai tarkon yakan zama namiji. Babban mutum ne mai mota da yake biya wa yarinya kuɗin makaranta ko ya saya mata waya, ko malamin da yake sayar da maki da mutunci, ko saurayin da yake cewa in ana ƙaunarsa a nuna masa. Yaron da bai taɓa ganin kamannin tarko ba, yaya zai kauce masa?

Abin da aka yi a ƙasarmu

An ba da rahoton cutar ƙanjamau karo na farko a Nijeriya a shekarar 1986. Waɗanda suka yi hidima a ikkilisiya a shekarun 1990 suna tuna yawan jana'izar matasa da muka yi, ana cewa zazzaɓi ne ko sammu, kowa ya san gaskiya amma ba mai faɗa. A wannan yanayi ne masu aikin lafiya suka juya ga talabijin. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2002 an nuna wasan I Need to Know da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Funke Akindele ta fito a matsayin 'yar sakandare. A 2007 sashen ayyukan raya ƙasa na BBC ya fito da Wetin Dey. Wasan MTV Shuga kuwa ya fara a Kenya a 2009, aka kawo shi Legas a 2013.

An gwada amfanin wannan na ƙarshe. Masu bincike tare da Bankin Duniya sun bi matasa kimanin 5,000 a kudu maso yammacin Nijeriya. An nuna wa waɗansu MTV Shuga, aka nuna wa waɗansu wani wasa dabam marar saƙon lafiya. Bayan watanni, sai aka tarar waɗanda suka kalli MTV Shuga sun je gwajin ƙanjamau kusan ninki biyu na sauran, an kuma sami raguwar wani irin ciwon sanyi a tsakanin 'yan matan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, canjin ya fi ƙarfi ga waɗanda labarin ya taɓa zuciyarsu, suka ɗauki 'yan wasan kamar abokansu. Wannan shi ne abin da Natan ya sani tun da daɗewa.

Bukatar kuma ba ta ƙare ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita kuma kimanin miliyan 1.9, jihohin Akwa Ibom da Binuwai suna kan gaba. Waɗansu cikin waɗannan mutane suna zaune a kan bencin sujada tare da mu kowace Lahadi.

Shirun gidan Dawuda

Sura ɗaya bayan labarin Natan, mun karanta yadda Amnon ɗan Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe da shawarar mugun aboki. Ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru. Dawuda ya ji, ya husata, amma bai yi kome ba. Tamar ta zauna a kaɗaice cikin baƙin ciki, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan sarki. Shiru bai rufa wa gidan asiri ba, ya ba mugunta wurin girma ne.

Akwai Tamar da yawa a unguwanninmu. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, in an kai ta asibiti cikin awa 72, akwai maganin da zai iya hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama ta. Iyalin da suka ɓoye maganar mako guda domin gudun abin kunya sun rasa wannan dama. Mace mai ciki da take ɗauke da cutar, in ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari sukan kamu; in tana sha yadda ya kamata, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Mai shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina nunawa a gwaji ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Ba a ɗaukar cutar ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ana ɗaukarta ta jima'i, da jini, da allura ko aska da aka yi tarayya a kai, da kuma daga uwa zuwa jariri. Idan 'yarka ta fara jin waɗannan abubuwa a wasan kwaikwayo, ka gode wa Allah. Annabi Yusha'u ya yi kuka cewa rashin sani ne yake hallaka jama'ar Allah.

Abin da akwatin ba zai iya yi ba

Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Masu shirya waɗannan wasanni ma'aikatan lafiya ne da masu fasaha, burinsu a rage cuta. Ba a ba su aikin koyar da tsarki ba. Sau da yawa suna nuna jima'i kafin aure kamar abin da ba makawa, suna ba da kwaroron roba a matsayin amsa. Akwai kuma shiga da hotunan da ba su dace da ƙananan yara ba. Mu kuwa mun san jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an saye mu da tamani, kamar yadda manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa. Roba tana rage haɗarin cuta da ciki, wannan gaskiya ne, kada mu yi wa yaranmu ƙarya a kai. Amma ba ta tsare zuciya daga karyewa, ba ta kuma wanke lamiri.

Ku tuna aikin Natan kashi biyu ne. Ya ba da labari, sa'an nan ya dubi sarki ido da ido ya faɗa masa abin da labarin yake nufi a gare shi, ya kuma shaida masa gafarar Ubangiji da ya tuba. Talabijin yana iya yin kashi na farko. Kashi na biyu sai wanda ya san yaron da suna, yake ƙaunarsa, yake yi masa addu'a. Wannan aikin uwa ne da uba da ikkilisiya. Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu a zaune a gida da kuma a kan hanya, da kwanciya da tashi. Zaman falo a gaban talabijin yana cikin waɗannan lokatai.

Me za mu yi?

Na ɗaya, ku fara kallon wasan ku kaɗai, ku auna ko ya dace da shekarun yaranku. Abin da ya dace da mai shekara 17 bai dace da mai shekara 9 ba.

Na biyu, ku zauna ku kalla tare da su. In an gama, ku yi tambaya kafin ku yi wa'azi: "Me ya sa yarinyar nan ta yarda? A ina ya kamata ta juya? Wa ya kamata ta faɗa wa?" Yaro yakan yi magana a kan 'yar wasa cikin sauƙi, alhali damuwar kansa yake faɗa. Ku saurara ba tare da faɗa ba. In kunya ta yi yawa, uwa ta zauna da 'yan mata, uba da samari.

Na uku, ku buɗe Littafi Mai Tsarki bayan wasan. Ku ajiye labarin Yusufu a gidan Fotifar kusa da abin da kuka kalla, yaran su ga cewa akwai saurayin da ya gudu, Allah kuma ya girmama shi.

Na huɗu, ikkilisiya ta yi nata wasannin. Ƙungiyar matasa da zumuntar mata suna da gwanayen wasan kwaikwayo, muna ganinsu kowace Kirsimeti da Ista. Ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye ta nuna tun shekarun 1980 cewa ana iya yin bishara ta wannan hanya. A yau waya ɗaya ta isa a ɗauki wasa a rarraba. Amma a gayyaci likita ko nas mai bi ya duba maganar lafiyar da ke ciki, a kuma guji wasan da kullum yake ƙarewa da mai cutar a cikin akwatin gawa ana cewa alhakinsa ne. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi wannan lissafi nasu. Akwai matan aure masu aminci da jarirai da suka kamu ba da laifinsu ba, wanda ya kamu ta wurin zunubi kuma ƙofar alheri a buɗe take gare shi. Dokar ƙasa ma tun 2014 ta hana nuna wa masu cutar bambanci.

Na biyar, manya su ba da misali. Fasto da dattawa su je gwaji, masu shirin aure su je tare. Kada kuma kowa ya sa mai shan magani ya daina da sunan bangaskiya. Mu yi addu'a, a kuma ci gaba da shan magani, gama hikimar likita baiwa ce daga Allah.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kai uba, ya ke uwa, wani yana ba ɗanku labari a yau, ko kun yarda ko ba ku yarda ba. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi, ku zama Natan a gidanku.

Mu yi addu'a: Ya Uba na Sama, ka gafarta mana shirun da ya bar 'ya'yanmu cikin duhu. Ka ba mu hikima da ƙarfin hali mu faɗa musu gaskiya cikin ƙauna. Ka tsare matasanmu cikin tsarki, ka ta'azantar da waɗanda aka zalunta, ka ƙarfafa marasa lafiya, ka komo da waɗanda suka bauɗe. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.