Jinyar Kazar da Ƙarshenta Tukunya

A Keffi, kamar sauran garuruwanmu, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Yawancinsu na mata ne, su ne kuma asusun da ake taɓawa in baƙo ya sauka ko an koro yaro saboda kuɗin makaranta. Amma kazar da ke kiwo a sake kullum tana cikin hatsari. Babur yakan take ta a bakin titi, kare ya yage mata baya, ko shirwa ta suri ɗan tsako ta sake shi da rauni. A nan ne tambaya take tasowa: ina amfanin jinyar abin da ƙarshensa tukunya ne?

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, gaskiya ne kuwa. Idan raunin ya yi zurfi har ba alamar za ta tashi, yanka ta da sauri jinƙai ne. Abin da ba shi da hujja shi ne a bar ta tana jan ƙafa, ƙudaje suna bin gyambon, don kawai kaza ce. Ikon da muke da shi na yanka dabba bai ba mu ikon barin ta cikin azaba ba. Tun da mu muka ajiye ta, muna cin ƙwanta, amana ce a hannunmu. A Ezekiyel sura 34, cikin laifofin da aka lissafa wa makiyaya har da rashin ɗaure wadda ta karye.

Jinyar kuwa ba ta da tsada. A wanke raunin da ruwan ɗumi da gishiri kaɗan, a shafa shuɗin maganin nan da ake kira GV, a kife ta da kwando a inuwa, da ruwa da dusa a gabanta. Karayar ƙafa kuma a yi mata ɗori da siririn kara da tsumma, cikin 'yan makonni ƙashin ya haɗe.

Maido da ita cikin 'yan'uwanta ya fi jinyar wuya. Kaji suna tsagar duk inda suka ga ja, har su kashe mai raunin, shi ya sa shuɗin maganin ke da amfani biyu. Suna kuma da matsayi a tsakaninsu, abin da wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana a farkon shekarun 1920. Wadda ta daɗe ba sa ganinta, kamar baƙuwa suke ɗaukarta. Mai hikima yakan ajiye kwandon inda sauran za su riƙa ganinta, sa'an nan ya sa ta a akurki da dare, ya zuba abinci wuri biyu, ya sa ido kwana biyu ko uku.

Sai dai rauni dabam, cuta dabam. Tun ɓarkewar murar tsuntsaye a 2006 mun ga yadda kaza ɗaya marar lafiya take ƙarar da akurki. Wannan kam a ware ta, a nemi malamin dabbobi.

Ya 'yan'uwa, halin nan na kaji ba ya nesa da mu. Wanda ya fito daga kurkuku, ko yarinyar da ta yi cikin shege, sau da dama mukan taimake su da kuɗi ko magani, amma ranar da suka dawo cikin jama'a sai kowa ya kafa wa tabon ido. Duk wanda ya ɗauki nauyin jinya, nauyin bai sauka daga kansa ba sai ya tsaya kusa, ya ga an bar mai raunin ya ci abinci tare da sauran.