Ɗanka Naka Ne, Amma Numfashinsa na Unguwa Ne

Akwai maganar da muke yawan ji a bakin shago: "Ɗana ne, ni nake da iko da shi, ba wanda zai tilasta mini yi masa allura." Ikon uba gaskiya ne, shari'a ma ta tabbatar da shi. Tambayarmu ta wannan Juma'a ita ce: a ina wannan ikon ya tsaya?

Mu ɗauki cutar mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 ta ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi jin jiki. A watan Yunin 2023 ta kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a Dei-Dei, nan Abuja, inda da yawanmu ke neman abinci. Hukumar NCDC ta sha bayyana cewa mafi yawan waɗanda suka kamu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, ko aka fara ba a kammala ba.

Ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa. Takan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sai wuya ya kumbura, wani farin abu mai kauri ya lulluɓe maƙoshi har numfashi ya gagara. Dafin da take zubawa cikin jini yana taɓa zuciya. Abin tsoron kuma, mutum kan ɗauke ta yana yawo lafiyarsa lau, ya shafa wa wani. Mu kuwa mutanen hanya ne. Yau muna Zuba, gobe Kantin Kwari, da Sallah mu kwashi iyali zuwa gida. Yaranmu tabarma ɗaya suke zama a Islamiyya, moɗa ɗaya suke shan ruwa.

To a nan maganar "ɗana ne" ta gaza. Jaririn maƙwabcinka da bai kai sati shida ba, lokacin allurarsa bai yi ba tukuna. Garkuwarsa ita ce lafiyar yaran da ke shiga ɗakin uwarsa suna ɗaukarsa. In ɗanka ya kai masa cutar, hukuncin da ka yanke a gidanka ya faɗa kan gidan da ba a yi shawara da shi ba. Shi kansa ɗan naka amana ce. Ɗan wata biyu ba zai iya kai kansa asibiti ba, kuma ba zai iya yi maka gardama ba.

Wani zai ce, ai ba banza muke ɗari-ɗari ba. Haka ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai wancan sabon magani ne da ake gwaji. Allurar mashaƙo kuwa an fi shekara tamanin ana yin ta a duniya, har a ƙasashen Musulmi irin su Saudiyya da Masar. Zato hujja ce ta yin tambaya, kuma likitoci 'ya'yanmu suna nan, mu tambaye su. Wanda ya yi zato ya ƙi tambaya, ya bar yaro tsakanin tsoronsa da cuta.

Batun tawakkali kuma, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma ba wanda ya fi shi yarda da ƙaddara a cikinmu. Mu ma da dare mukan sa wa shago kwaɗo, sannan mu ce Allah Ya tsare.

Allurar ana kiran ta Penta, sau uku ake yi: sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu. Kyauta ce a ƙananan asibitocin gwamnati. Alhaji, yau in ka koma gida ka ce uwargida ta ɗauko katin rigakafin yaran ku duba tare. Wanda ya tsallake, a kai shi, ko ya girma. In kuma ka ga yaro da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, kada a tsaya a kemis, a wuce asibiti a ranar.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.