JIMIRI NE KO TAURIN KAI?

Cikin shekara ta 1978 mutum 15 suka taru a bakin teku a Hawai, ƙasar Amurka, domin su gwada wani irin tsere mai kashi uku. Da fari mutum zai yi iyo cikin teku har mil 2 da ɗoriya. Da fitowarsa daga ruwa sai ya hau keke ya yi tafiyar mil 112, watau fiye da nisan Kano zuwa Zariya. Sa'an nan ya ajiye keken ya yi gudu da ƙafa mil 26. Dukan wannan a yini ɗaya ne. Mutum 12 suka kai ƙarshe, na farinsu kuwa, Gordon Haller, ya yi sa'a 11 da minti 46. Ana ce da tseren nan Ironman, watau mutumin ƙarfe. Daga baya aka sa iyaka, wanda ya wuce sa'a 17 ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. Masu shirinsa su kan yi watanni suna horon jiki, sau da yawa sa'a 10 ko fiye kowane mako.

Ko mai cikakkiyar lafiya ya ji wannan sai ya girgiza kai. Amma akwai waɗansu da su ke shiga tseren nan suna ɗauke da ciwon da ba ya warkewa. Daidai ne mai irin wannan ciwo ya ɗora wa jikinsa wahala haka? Jimiri ne, ko kuwa taurin kai? Bari mu duba labarin mutum uku tukuna.

Na fari shi ne Bill Carlson, mai ciwon sukari irin wanda ba a rayuwa da shi sai da allurar insulin kullum. Ya gama tseren Hawai cikin 1983. Kafin likitoci su gano insulin a Kanada cikin 1921, mai irin ciwonsa ba ya daɗewa a duniya. Ko da maganin ma tsere yana da hatsari gare shi, gama aiki mai tsanani ya kan rage sukarin jini. In ya ragu ƙwarai sai jiki ya kama rawa, hankali ya rikice, har mutum ya suma. Mu tuna fa, kashin farko cikin teku a ke yinsa.

Ta biyu ita ce Lisa Bentley, mutuniyar Kanada. An haife ta da wani ciwo na gado wanda ya kan cika huhu da majina mai kauri. Duk da haka ta ci tseren Ironman sau 11 a wurare dabam dabam, ta kuma zo ta uku a Hawai cikin 2006.

Na uku shi ne Jon Blais, malamin makaranta a Amurka. Cikin 2005, yana da shekara 33, likitoci suka gaya masa yana da ciwon nan da a ke kira ALS, mai kashe jijiyoyin da su ke motsa gaɓoɓi kaɗan kaɗan, ba shi kuwa da magani. A watan Oktoba na shekaran nan ya shiga tseren Hawai, ya gama cikin sa'a 16 da minti 28. Tun da fari ya ce zai ƙare ko da mirgina shi za a yi, da ya iso kuwa sai ya kwanta ya mirgina ya ƙetare layin. Da shekara ta kewayo, a keken marasa lafiya ya zo kallo. Ya rasu cikin watan Mayu na 2007.

Masu cewa wannan wauta ce suna da hujja, kada mu rena ta. Su kan ce lafiya uwar jiki, wanda tasa ta ragu kuwa ya kamata ya yi tattalin sauran. Su kan ce kuma jikin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba. In magidanci ya faɗi a hanya, matarsa ce za ta kwana a asibiti, 'ya'yansa ne za su rasa kuɗin makaranta. Suna tsoro kuma kada ya zama girman kai ne, mutum ya ƙi yarda shi mara lafiya ne, ya nemi yabon mutane ya rufe tsoronsa da shi. Lallai akwai masu yin haka, kuma ba mu yaba musu ba.

Amma in mun duba yadda mai ciwon sukari ya ke shirin tseren nan da hankali, za mu ga wani abu dabam. Ya kan auna jininsa kafin ya fita, da lokacin da ya ke kan hanya, da bayan ya komo. Ya kan shawarci likitansa a kan yawan allurar da zai yi ran horo. Ba ya fita sai da abu mai zaƙi cikin aljihu. Ya san sukari ya kan fāɗi da tsakar dare bayan yinin wahala, saboda haka ya kan yi shiri tun da yamma. Ran da awo ya nuna ba daidai ba, sai ya zauna a gida, ko da abokansa suna jiransa a ƙofa. Mutumin nan bai musunci ciwonsa ba. Ya san shi fiye da yawancin waɗanda su ke zaune a inuwa ba su auna kome.

A ganinmu a nan bambancin ya ke. Tsawon hanya ba shi ne ya ke raba jimiri da taurin kai ba. Mai jimiri ya kan faɗa wa kansa gaskiya, ya kan kasa kunne ga jikinsa, gama jiki magayi ne. Mai taurin kai kuwa ya riga ya ƙudura abin da ya ke so ya ji, in likita ya faɗi wani abu dabam sai ya nemi wani likita. Wanda ya ke so ya san ko wanne ne shi, bari ya tambayi kansa abu uku. Na gaya wa likita dukan abin da na ke ji, ko na ɓoye wani? Mutanen gidana sun yarda, ko kuwa tilas na yi musu? In na kai mil 100 jikina ya ce in tsaya, zan iya sauka daga keken gaban idon jama'a? Ta ukun nan ita ce mai wuya. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Wanda ba ya iya tsayawa, tseren ne ya mallake shi.

Batun Jon Blais kuwa ya sha bamban da na sauran biyu. Hutu ba zai warkar da shi ba, ya kuwa sani ƙarfinsa zai tafi ko ya mora shi ko ya ajiye. Ya zaɓa ya more shi a kan abin da ya ke ƙauna tun yana lafiya, ya kuma sa mutane da yawa suka ji labarin ciwon da ba su taɓa ji ba. Ba mu iya kiran wannan ɓarna ba. Likita yana iya faɗa wa mutum hatsarin da ke gabansa, amma abin da mutum zai yi da sauran kwanakinsa, shi ne zai auna, tare da waɗanda su ke ƙaunarsa.

Akwai wani kuskure kuma wanda ya fi kusa da mu, mu masu lafiya. Mu kan ji labari irin wannan, sai mu mai da shi bulala. Mu kan ce wa mara lafiya na gidanmu, ga wane can ya yi gudun mil 26, kai kuwa ko gona ba ka iya zuwa. Wannan zalunci ne, jahilci ne kuma, gama ciwo ba iri ɗaya ba ne. Mai amosanin jini in ya wahalar da jikinsa cikin zafin rana da ƙishirwa, ciwon ya kan tashi masa da tsanani. Akwai kuma wani ciwon gajiya mai daɗewa wanda aiki kaɗan ya kan kwantar da mai shi kwana da kwanaki. Dā likitocin Ingila suna ba masu shi shawara su riƙa ƙara motsa jiki a hankali bisa ƙa'ida, amma cikin 2021 hukumar da ke tsara musu hanyar jiyya ta janye shawaran nan, domin masu ciwon da yawa sun shaida tana ƙara musu wahala. Ga irin waɗannan, zama shiru da ƙin biye wa masu zuga su shi ne jimirinsu.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu auna mutum da yawan mil. Tsohuwar da ta ke shan maganin hawan jini kowace safiya shekara 20 ba fashi, da yaron da ya koma makaranta bayan ciwo ya kwantar da shi sau biyar cikin shekara guda, su ma suna cikin dogon tsere, ba kuwa mai tafa musu. A tseren Hawai akwai mutane da su kan tsaya a bakin hanya tun asuba har tsakar dare suna miƙa wa masu gudu ruwa, ba su tambaya ko wane ne zai zo na fari. Aikin nan kowannenmu yana iya yi. In mara lafiya na cikinmu ya ce yana so ya gwada wani abu mai wuya, kada mu yi masa dariya, mu raka shi wurin likita a ji abin da zai yiwu. In kuwa ya ce yau ba ya iyawa, mu gaskata shi, mu ɗauki fartanya mu nufi gonarsa.